Daga Las Palmas Zuwa Mindelo Da Sukuddireba A Hannu

A watan Nuwamba tashar ƙananan jiragen ruwa ta Las Palmas, a tsibirin Gran Canaria, takan cika maƙil. Tun 1986 ake haɗa ayarin ARC a nan, jirage masu tafiya da iska su tashi tare su ƙetare Tekun Atalantika zuwa Karibiyan. Har waɗanda ba sa cikin ayarin sukan zo su yada zango, suna jiran iskar arewa maso gabas ta daidaita. Duk gadar da ka bi sai ƙarar injin huda da bugun guduma, kowa ya baje kayan aikinsa a doron jirgi yana gyaran abin da ba ya so ya ba shi kunya a tsakiyar teku.

Mu ba ma cikin ayarin. Jirginmu na faiba ne, tsawonsa mita 11, ya kuma haura shekara 30 a ruwa. Wani dattijo ne ya saye shi a hannun wani, shi da matarsa, suka ɗauke ni a matsayin na uku saboda hannuna ya saba da sifana. Kyaftin nake kiransa, ita kuma Uwargida, shi kuwa bai taɓa kirana da wani suna ba sai Bakanike. Ran da na iso ya miƙo mini takarda mai jerin ayyuka. Na farko a ciki shi ne a cire tsohon winci, wato na'urar jan igiya, da ke jikin jigo, da maɗauran igiya biyu da ke ƙasa da shi, a sa sababbi. Ya ce, “Wannan aikin safiya ne, Bakanike.”

Jigo shi ne dogon sandan nan da ke ɗauke da ƙyallen iska, kuma na alminiyon ne. Sukurun da suka riƙe wincin a jikinsa na sitenles ne, ƙarfen nan mai sheƙi da ba ya jan tsatsa. Na sa sukuddireba a na farko na murɗa, ko gezau. Da na duba da kyau sai na ga wani farin gari ya kewaye kan kowane sukuru, fentin wurin kuma ya kumbura. Nan na san safiya ba za ta isa ba.

Abin da ke faruwa a irin wannan wuri ba ɓoyayye ba ne. In ƙarfe biyu mabambanta suka haɗa jiki, ruwan gishiri kuma ya shiga tsakaninsu, an sami ƙaramin batir ke nan. Wuta kaɗan-kaɗan tana gudana, ɗayan ƙarfen yana cinyewa. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, don haka ba ya rasa ƙarfin tafiyar da wutar. Tsakanin sitenles da alminiyon, alminiyon ne ke ji a jikinsa. Farin garin da yake komawa ya fi ƙarfen da ya fito daga ciki cin wuri, sai ya cushe zaren sukurun, ya matse shi gam ta kowane ɓangare. Man nan da ake fesa wa noti mai tsatsa an yi shi ne domin tsatsar baƙin ƙarfe. Na fesa shi dai, don ba ya cutarwa, amma a ganina tafasasshen ruwa mara gishiri ya fi shi aiki a kan wannan gari.

Kafin ƙarfi, akwai batun dacewa. Sukuru mai kan kuros iri biyu ne da ido ke iya rikitawa, Phillips da Pozidriv. Na biyun yana da wasu ƴan siraran zane huɗu tsakanin hannuwan kuros ɗin. In ka sa bakin wannan a kan wancan, zai shiga kamar ya zauna, amma da ka matsa sai ya zame ya cinye kan sukurun, daga nan kuma aiki ya ninku. Na share ramin kowane kai da tsinin allura har ya fita tas, na zaɓi bakin da ya shige ba ya girgiza, sannan na ɗauko sukuddireban duka. Wannan gajere ne, mai kauri, guduma ake buga masa a ƙeya. Bugun yana danna bakin cikin kan sukurun, a daidai wannan lokaci kuma wani abu a cikinsa yana mayar da bugun murɗawa. Sai dai jikin jigo bai wuce ƴan milimita ba a kauri, cikinsa kuma fanko ne, don haka Uwargida ta tsaya ta baya ta tokare shi da guntun katako da wata babbar guduma, kada ya lotsa.

Sai zafi. Alminiyon ya fi sitenles buɗewa in ya ji wuta: kimanin kashi 23 cikin miliyan a kowane digiri, shi kuwa sitenles kimanin 16. Saboda haka abin da ake ɗumamawa shi ne kewayen ramin, domin ya saki abin da ya riƙe. Kyaftin ya fito da fitilar gas yana murna, na ce ya mayar da ita. Alminiyon ba ya yin ja ya gargaɗe ka yadda baƙin ƙarfe ke yi, yana nan da kalarsa har ya narke a digiri 660, kuma tun can nesa da haka, daga wajen digiri 200, irin wanda ake yin jigo da shi yake fara rasa ƙarfinsa. Ga wayoyin fitila da igiyoyi a cikin jigon. Na'urar hura iska mai zafi muka yi amfani da ita, da butar tafasasshen ruwa. A ɗumama, a bari ya huce, a buga, a ɗan murɗa ta wajen ɗaurewa tukuna, sannan ta wajen kwancewa. In ya motsa ko da kaɗan ne, ba a zarcewa. Gaba da baya ake yi, garin yana zubowa, har ya saki don kansa.

Yawancinsu sun fito ta haka, a cikin wuni biyu ko fiye. Ɗaya ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a ƙarshe kansa ya tsinke ya bar gangar jikin a ciki.

Huda sitenles da ke cikin alminiyon shi ne aikin da ya fi ba ni tsoro a duk harkar. Abin da kake son cirewa mai tauri ne, abin da kake son tsarewa mai taushi ne, bakin huda kuwa kullum wuri mai taushi yake nema. In ya zame daga tsakiya, zai gangara gefe ya fafe jigon ya bar sukurun yana nan daram. Na goge saman guntun ya daidaita, na buga masa ɗigo a tsakiya da tsinin ƙarfe, na fara da ƙaramin baki mai kobalt. Ana tafiya a hankali, da dannawa sosai, da ɗigon mai. In bakin ya riƙa gudu yana shafar sitenles ba ya yanka, wurin sai ya ƙara tauri, har baki na gaba ya kasa cinsa. Wani maƙwabcinmu a gada ya zo da ɗan ƙarfen nan mai zaren hagu da ake cusawa a ramin a zaro karyayyen sukuru, ya ce shi ne maganin. Na gode masa, ban karɓa ba. Ƙarfen ya fi bakin huda tauri, yana kuma da saurin karyewa. In ya tsinke a ciki, ka sami abin da babu bakin da zai huda shi. Na ci gaba da faɗaɗa ramin da baki bayan baki har saura ɓawon zaren kawai, na tsince shi da allura. Zaren jigon ya riga ya lalace, sai na yanka sabo, daga milimita 6 zuwa 8.

Da dare muna zaune a bayan jirgi Kyaftin yana ta faɗa da mutumin da ya sayar masa, wai me ya hana shi shafa wani abu kafin ya ɗaure. Na ce masa matsalar ta girmi mutumin nesa ba kusa ba. A 1761 rundunar ruwan Birtaniya ta lulluɓe ƙasan wani jirgin yaƙi, HMS Alarm, ta waje da falle-fallen jan ƙarfe don kare katakonsa daga tsutsar ruwa. Da aka duba shi a 1763 sai aka tarar ƙusoshin baƙin ƙarfe da suka riƙe falle-fallen sun cinye. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda guntun takardar da aka naɗo jan ƙarfen a ciki ta maƙale ƙarƙashin kansu, ta raba ƙarfen biyu. Maganin ke nan har yau, a raba su. Mun sa falle na roba tsakanin gindin sabon wincin da jigo, kowane sukuru kuma na shafe zarensa da wani mai da ake kira Tef-Gel kafin ya shiga. Wasu Duralac suke sawa, mai launin rawaya, wasu man ulun tumaki. Kowanne ya fi babu.

Muka tashi da hantsi, muka bi gabashin tsibirin zuwa kudu. Daidai filin jirgin sama na Gando iska takan ƙara ƙarfi saboda tsaunukan tsibirin suna matse ta, mun kuwa rage ƙyalle tun kafin mu kai. Daga nan sai teku kawai, kimanin mil 850 na teku zuwa Mindelo, a tsibiran Kef Verde. Iska tana bayanmu, jirgi yana tangaɗi dama da hagu dare da rana, muna karɓa-karɓar gadi. Da safe nakan tsinci kifaye masu fiffike da suka faɗo doron jirgi cikin dare in mayar da su ruwa. Wincin jigo yana aiki lafiya lau, Kyaftin kuwa duk sanda ya wuce sai ya shafa shi.

Ana tsakiyar tafiya Uwargida ta tashe ni da wajen asuba, ta ce in zo in ga wani abu. A saman gadonta, ta gefen hagu, ruwa na ɗiga daga rufi. Da farin ruwa ne da ban damu ba, don tsohon jirgi ba ya rasa raɓa ko ɗan yoyo. Wannan ruwan ƙasa-ƙasa ne. Ruwan da ya yi wannan launi ya kwana cikin katako kafin ya fito.

A daidai wurin, ta sama, akwai siririn layin alminiyon da aka shimfiɗa a doron jirgi, wanda kurar igiyar ƙyallen gaba ke gudu a kansa. Dogayen sukuru ne suka riƙe shi, sun huda doron sun fito ta ciki, kowanne da noti. Wannan layi ba ya cikin takardar Kyaftin, don a ido ba shi da laifi: kawunan suna sheƙi, babu wanda ya nuna alamar ƙin fita. Na zare allon rufin na ɗora yatsa a kan noti ɗaya. Duk sanda jirgi ya karkata ƙyalle ya fizgi igiya, sai in ji notin ya ɗaga ya koma. Ƙarfin iska a kan ƙyalle ba ya ƙaruwa daidai da gudunta: in gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin sau huɗu yake ninkawa. Ban so mu gano iyakar waɗannan notuna cikin dare ba. Muka naɗe rabin ƙyallen, muka juya jirgi nauyin ya koma layin dama, muka ƙarasa tafiyar a haka, a hankali fiye da yadda Kyaftin ya so.

Hazon ƙurar Sahara ya rufe tsibiran Kef Verde ran da muka isa. Santo Antão, duk da tsayin duwatsunsa, sai da muka matso sosai ya bayyana. Muka shiga mashigin da ke tsakaninsa da São Vicente, inda iska ke kwararowa da ƙarfi, muka karya zuwa Porto Grande, tashar jiragen Mindelo. Bakin tsohon dutse mai aman wuta ne da teku ya cike, kuma a ƙarni na 19 nan jiragen Ingila masu tururi ke tsayawa shan gawayi. Ta yamma ga dutsen Monte Cara mai siffar fuskar mutum yana kallon sama. Iska ba ta barin tashar ta huta, tana saukowa daga tudu a guje, igiyoyin ɗaure jirage suna ta kuka.

Washegari muka buɗe layin hagu. Kyaftin ya riƙe kai ta sama, ni ina kwance ta ciki da sifana. Bayan abin da muka sha a Las Palmas, sai ga notuna suna kwancewa sumul, shi har yana waƙa. Ni kuwa kowane noti da ya zo da sauƙi sai gabana ya ƙara faɗuwa. Sukurun da ya ƙi fita lokacinka kawai yake ci, yana kuma nan riƙe da abin da aka ba shi. Wanda ya juya ba gardama a wurin da ya kamata ya matse, shi ne ke gaya maka abin da ke ƙarƙashinsa ya tafi. Washa ƙanana aka sa wa notunan, duk sun nutse cikin faiba. Sukuru ɗaya ma ban kai ga kwance shi ba, ya rabu biyu a hannuna. Kansa na walƙiya, ƙarshensa na walƙiya, tsakiyarsa da ke cikin doron ta yi baƙi ta sirance, duk ramuka.

Sitenles ba ya tsatsa ne saboda kuromiyon da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, wanda ke haɗuwa da iskar oksijin ya yi wata siririyar fata a saman ƙarfen. In fatar ta karce, iska na sake gina ta. A cikin rami mai jiƙe da ruwan gishiri, inda iska ba ta shiga, fatar ba ta samun abin gyara kanta, sai ƙarfen ya riƙa cinyewa a ɓoye. Irin da ake kira 316, mai tambarin A4, yana da molibdenum kashi 2 zuwa 3, ya fi 304 mai tambarin A2 juriya a teku, amma shi ma ba ya son zama cikin jiƙaƙƙen rami.

Doron irin waɗannan jirage hawa uku ne: faiba a sama, faiba a ƙasa, katakon balsa a tsakiya. Balsa ba shi da nauyi, aikinsa shi ne ya raba fatun biyu nesa da juna, daga nan ƙarfin doron yake zuwa. Muddin a bushe yake, sai mutum ya yi tsalle a kai bai ji komai ba. In ruwa ya sami hanya ta ramin sukuru, katakon ya ruɓe, fatun biyu su matso, noti ya yi sako-sako, ramin ya ƙara buɗewa, ruwa ya ƙara shiga. Na bi doron ina ƙwanƙwasawa da ƙotar sukuddireba. Wuri mai lafiya yana amsawa da kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum-dum. Uwargida na bina da fensir tana zagaye inda na nuna. Mun yi sa'a, ɓarnar ba ta wuce taƙi biyu ba. Ana yanka balsa ne a jera shi jijiyoyinsa a tsaye, wannan ke rage wa ruwa saurin yaɗuwa gefe.

Wurin da ya ruɓe ta ciki muka yanke shi, don kada mu ɓata fuskar doron. Da na ɗaga fatar ƙasan, abin da ya zubo mini a fuska kamar jiƙaƙƙiyar dusa ne, baƙi, mai wari. Muka kankare har muka kai katako mai haske, muka bar wurin a buɗe. A nan busasshiyar iskar Mindelo, da muke ta kuka da ita, ta yi mana rana. Da ya bushe muka manna sabon katako da efoksi mai kauri, wani gam mai ƙarfi da ake kwaɓawa, muka rufe da sababbin falle-fallen faiba. Aikin efoksi a saman kai ba shi da daɗi ko kaɗan, kuma a wuri mai zafi kaɗan-kaɗan ake kwaɓa shi, don in ya yi yawa a kofi yakan ɗau zafi da kansa ya daskare kafin ka shafa rabi.

Sauran ramukan, har masu lafiya, duk sai da muka yi musu rigakafi. A faɗaɗa ramin ta sama, a bar fatar ƙasa. A lanƙwasa kan ƙusa a sa a injin huda, a zura ta, tana juyawa tana fafe balsar da ke kewaye. A zuƙe garin, a toshe ƙasa da salatif, a jiƙa ciki da efoksi mai ruwa, sannan a cika da mai kauri ta sirinji. In ya daskare a sake huda ramin daidai girman sukurun, layin alminiyon ɗin kansa ne ke nuna wa baki hanya. Ko ruwa ya sake shiga wata rana, efoksi zai tarar, ba katako ba, kuma noti ya sami abu mai tauri da zai matsa. A ƙarshe na ɗan fafe bakin kowane rami ta sama ya yi gangare, domin abin toshewa ya taru a nan ya zama zobe a wuyan sukurun.

A kan abin toshewar ne muka yi gardama. Tsohon mai jirgin silikon ya sa, wanda sai da muka wuni muna kankarewa, don in ya bar maiƙonsa a wuri ba abin da ke ƙara kamawa. Kyaftin ya ce shi 3M 5200 zai sa, abin da ba zai sake motsi ba har abada. Na ce, “Kyaftin, gam ne mai kyau, amma na wurin da ba za a ƙara buɗewa ba ne. Wannan layi wata rana wani zai cire shi, kuma in da wannan aka manna, da fatar doron zai taso.” Ni butil na so, baƙin ɗanko mai zuwa a naɗe, wanda ba ya bushewa. Ba ya riƙe komai, sukuru ne ke riƙo, shi nasa kawai ya toshe, ya kuma miƙe ya dawo in doron ya motsa. Inda ba a sa shi shi ne kusa da bakin tankin mai, don man dizal na narkar da shi. Uwargida ce ta raba mu. Ta ce gadonta ne a ƙasa, kuma ita ta ga wanda ya kwanta yana kankare silikon.

A maimakon ƙananan washa, muka yanka doguwar faranti ta faiba mai kauri muka sa ta ciki, domin jan igiya ya bazu a kan doron gaba ɗaya. Wurin ɗaurewa, na sama riƙewa kawai yake yi, na ƙasa ne ke juya noti. In sukurun ya juya, zai murje zoben butil ɗin da aka sha wahalar yi. Iska ba ta bari mu ji juna ta cikin doron, sai muka koma ƙwanƙwasa: ɗaya, riƙe, biyu, saki. Da hannu na ɗaure su, a hankali, da ɗan mai a zare, domin sitenles a kan sitenles in aka yi masa gudu yakan ɗau zafi ya manne da juna. A jirgin da ke kusa da mu na ga an ɗaure sabon noti da injin batir, ya cije a rabin hanya, ba gaba ba baya, sai da zarto. Butil kuma ba a matse shi a zama ɗaya. Yau a ɗaure, gobe a ƙara kaɗan, jibi a ƙara, yana fitowa ta gefe ana tsincewa.

Gwajin a mashigin Santo Antão muka yi shi. Muka fuskanci iska da cikakken nauyi a layin hagu, ruwa yana tsallake gaban jirgi yana wanke doron. Na sauka ciki na bi notunan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya motsa, farantin kuma a bushe. Da muka dawo tasha Kyaftin ya fara lissafin ranar tashi zuwa Karibiyan, sama da mil 2,000 ba tare da wurin tsayawa ba. Uwargida ba ta ce komai ba, ta ɗauki sukuddireba da fensirinta ta nufi ɓangaren dama. Layin can ya amsa da kaifi daga farko har ƙarshe. A gindin sanda na uku na shingen da ke gefen doron ne ta tsaya, ta sake ƙwanƙwasawa, ta kira mijinta ya zo ya ji da kunnensa. Ya durƙusa ya kama sandan ya girgiza, sannan ya ɗago ya ce, “Bakanike, efoksin nan akwai saura?”